Ranar da Na Kalli Fuskar Ɗan Farina

Yanzu kowa ya zama mai gani. Duk tsohuwar da ta shigo gaishe ni, kafin ta gama zama kan tabarma sai ta ce, "Ai ni tun da daɗewa na ga alama." Ta ga alama. To da ta gani, a wane rumbu ta zuba ta? Shekara huɗu ɗana na haɗiyar ƙwaya a garin nan, gaban manya da yara, gaban masu carbi da masu rawani, ba a samu mutum ɗaya da ya tako ƙofar ɗakina ya ce mani ɗanki na hanyar kushewa ba. Sai da Allah ya tsamo shi sannan masu ido suka yi yawa kamar fara. Ina jin su, ina miƙa masu goro, ba na tankawa. Su suna zaton haƙuri ne, alhali raini ne.

Amma in za a raba rainin nan bisa gaskiya, kaso mai tsoka nawa ne. Su maƙwabta ne. Ni na haife shi.

Shi ne ɗan farina. Ku 'yan yanzu da kuke goya ɗan fari kuna mashi rawa gaban surukai ba za ku gane ba. Mu a ƙauyenmu, nan gefen Kusada in ka nufi Bauranya, ɗan fari abin kunya ne ga uwarshi. Ba ta faɗin sunanshi. Ba ta mashi wasa. Ba ta kallon tsabar idonshi. Ina yaye shi kakarshi ta ɗauke shi, ya girma a ɗakinta, ni kuwa in ya gifta sai in sunkuyar da kai kamar na ga surukina. Ko ɗan wani ne ke da irin sunanshi, sai dai in ce "kai yaro". Da ya zama magidanci, gaisuwarmu ta ƙofa ce. Ya zo da safe ya durƙusa bayan asabari ya ce, "Inna, ina kwana," ni in amsa fuskata na kallon bango. Haka aka koya mani, haka na riƙe, har ana misali da ni a gidajen biki, ana cewa wance ta san kunya. Ina jin daɗin yabon nan, ba zan ɓoye ba. Shekara arba'in da 'yan kai ina jin daɗinshi.

Abin ya faro ne bayan rasuwar ubanshi. Gonaki biyu suka dawo wuyanshi, ta gida da wata can nesa wajen fadama, ga mata, ga ɗiya biyar, ga ni. Da damina in ya gama nashi noman sai ya tafi ƙwadago gonakin mutane. Bayanshi ya fara ciwo, irin ciwon da kowane manomi ya sani. A lokacin akwai wani mutum da ke zuwa bisa babur da akwati ɗaure a baya, yana bin bakin gonaki lokacin huɗa kamar yadda ungulu ke bin mahauta. Ba likita ba ne, ba ɗan likita ba ne, ko malamin allo bai zauna gabanshi ya ƙare ba. Amma "dakta" suke ce mashi, manyan banza, masu gemu. Shi ya ba ɗana ƙwayar da suke kira taramol, ya ce maganin gajiya ce.

Ta kuwa yi maganin gajiya. Sai ga ɗana yana shiga gona tun sassafe ba ya ɗagowa sai la'asar. Aikin mutum uku shi kaɗai. Ranar gayya samari 'yan shekara ashirin suna zubewa ƙarƙashin itace suna haki, shi yana gaba garma na tashi. Masu gona suka riƙa rububinshi har daga Rimaye. Ƙanen ubanshi, wanda yara ke ce wa Baffa, shi ya fi kowa baki. Ya shigo gidan nan yana karkaɗe babbar riga ya ce mani, "Matar yaya, kin haifi doki kina ta sunne kai! Jininmu ne, haka kakanshi yake." Ni kuwa in juya baya in ce, "Ni ina ruwana," raina fari ƙal. A ce mutum mai jini da tsoka ya wuni rana na dukanshi bai nemi ruwa ba, bai nemi fura ba, garin nan kaf ba wanda ya ce wannan ba lafiya ba ce. Sai kirari. Jaki ma in ya yi haka mai shi yakan duba bakinshi.

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Ni da na haramta wa kaina fuskar, labarin bai fasa zuwa ba, sai ya biyo ta wasu ƙofofi. Ya fara biyowa ta kwano. A tsakar gida ɗaya muke da matarshi, ina ganin kwanon tuwonshi in an kai, ina ganinshi in an dawo da shi. Da can sai an kankare. Sai ya koma ana dawo da rabi, sai ya koma malmala guda da ɗan gurbin yatsu biyu a gefe. Mutumin da ke aikin uku yana cin abincin jinjiri. Shayi kawai, shayi, shayi, da sukari kamar za a dama kunu. Na gani. Na ce zafi ne.

Ya biyo ta murya. Gaisuwar safe da yakan tsaya ya tambayi ƙafata, ya tambayi awaki, ta koma kalma biyu a tsaye. Wata rana muryar ta fito a shaƙe, a ja, kamar ta mai barci. Wata rana kuma ta zo da gudu, magana kan magana, ya yi ta zuba bayan asabari kan zai sayi shanun huɗa, zai rufe gidan nan da kwano, zai kai ni Makka. Na ji. Na ce nauyin gida ne.

Ya biyo ta jikokina. Yaran da in sun ji sallamar ubansu suke rige-rigen karɓar fartanya, sai na ga in ya shigo suna sulalewa ɗakina ɗaya bayan ɗaya suna laɓewa bayan gado. Rannan ya ɗaga hannu ya mari ƙaramar don ta taɓa aljihun rigarshi da ke rataye. Mutumin da ko akuya ba ya duka. Na ce zuciya ce irin ta maza. Rumbu ya riƙa sauka tun kafin sanyi ya wuce, ana fita da dami ba a ga abin da ya shigo ba. Na ce hidima ce. Kowace alama ta zo, ina da zanen da zan lulluɓa mata. Ban taɓa sanin ina da zannuwa da yawa haka ba.

Matarshi yarinya ce mai hankali, amma ita ma kunyar ce ta ɗaure ta, don suruka ba ta kai ƙarar miji wurin uwarshi, balle ɗan fari. Sai ta yi dabara. Wata hantsi ina tsinkar zogale ta kwaso wankinshi, ta bar bakin rijiya inda ta saba, ta zo dab da tabarmata ta zauna. Ta ɗauki riga ta zazzage aljihu. Ɓawon ƙwaya ya zubo, irin mai ƙyalli ɗin nan, duk an ɓalle. Ta ɗauki wando ta zazzage. Ta ɗauki wata rigar. Sai da suka yi tsibi gabana kamar ɓawon gyaɗa, ba ta ɗago kai ba. Ni ban yi boko ba, ban san abin da aka rubuta a jiki ba, amma na san ba ciwon da ke cin magani haka ya bar mai shi a tsaye.

Na ce, "Maganin mene ne wannan?"

Ta ce, "Na ciwon baya ne, Inna."

Na ce, "Allah ya sawwaƙe."

Ta ce, "Amin."

Ta share ta zuba a murhu. Mata biyu, ɗaya ta haife shi, ɗaya ta haifa mashi biyar, mun zauna gaba da gaba gaskiya na tsibi tsakaninmu, muka yi mata addu'a muka tashi. In akwai abin da ya fi wannan wauta a ƙasar Katsina, ban ji labarinshi ba.

Ana nan, ana nan, azumi ya kama cikin bazara. Azumi ba ya rufa wa kowa asiri. Ranar farko kafin azahar na jiyo shi a ɗaki yana hamma, hamma, hamma, kamar zai tsage baki. Hanci na zuba, ido na zuba, gumi ya jiƙa shi sharkaf, kuma yana cewa a lulluɓe shi sanyi yake ji. Gaɓoɓi na ciwo, ciki na murɗawa, ya kasa zama ya kasa kwanciya. Baffa ya leƙo ya ce ciwon shawara ne, a jiƙa mashi saiwa. Ana kiran magariba, kafin a gama shan kunu, sai ga mai shawara ya fito tsakar gida garau yana raha da maƙwabta. Washegari haka. Wanshekare haka. Wace irin shawara ce ke kama mutum da hantsi ta sake shi da kiran salla? Ran na huɗu ciwon ya ɗauke ɗungurungum, ya wuni lafiya lau. Mutanen gida suka ce saiwar Baffa ta yi aiki. Ni da matarshi mun san ba saiwa ba ce. Azumin ne ya ajiye, yana kama baki gaban mutane.

Daga baya take gaya mani, sau uku yana rantse mata da Alƙur'ani ya bari. Sau uku yana kwashe su da hannunshi ya zuba a masai tana kallo. Bai taɓa wuce kwana biyu ba. Ran na uku zai fita ko takalmi babu ya nemo mai babur duk inda yake. Ya fara da guda ɗaya da safe, ta ce, har ya kai ba ya ƙirgawa, sai dai ya ɓalla ya watsa baki.

Damina ta faɗi, aka yi shuka, aka shiga noman farko. Ranar nan rana ta ɗaga sosai sai na ji ihu daga bakin gari. Aka shigo da shi cikin amalanke, jiki duk ƙasa, jini a gemu ya tauna harshe. Waɗanda suke tare suka ce yana cikin aiki ya ƙame, ya faɗi, ya yi ta shure-shure, kumfa na fita. Ko a lokacin, Allah na gani, daga bakin ƙofa na tsaya. Ƙafafunshi na kalla.

Gida ya cika. Baffa ya goya hannu a baya ya yanke hukunci: iska ce. Akwai tsohuwar tsamiya a gefen gonar, ai kowa ya sani. Aka kawo garwashi aka yi ta turara hayaƙi har awakina na tari. Aka aika a kira malam. Malamin nan dattijo ne mai makarantar allo a unguwarmu, shi ma manomi ne, kuma shi kaɗai ne namijin da na ga ya yi abin maza a ranar. Ya yi addu'a ya tofa, ya zauna ya dube shi da kyau, sannan ya fito tsakar gida ya ce, "Addu'a na yi, kuma zan ci gaba. Amma kada ku ɗora wa tsamiya laifin da ba nata ba. Ku tambayi iyalinshi abin da yake haɗiya, ku kai shi asibiti." Ya saka takalmi ya tafi.

Kai ka ce wuta aka watsa wa Baffa. Ba ciwon ya dame shi ba, kalmar ce. Iska abin tausayi ce, a zo a yi maka sannu. Ƙwaya kuwa abin kunya ce, ta 'yan tasha. Ya tara mazan dangi a zaure, mu mata muna jiyowa ta katanga. Ya ce asibiti tallar kai ce, duk wanda ya gan su a Kankiya ya san abin da ya kai su, kafin su dawo labari ya riga su. Ya ce ga babbar ɗiyar yaron ta tasa, wa zai zo neman ɗiyar ɗan ƙwaya? Ya ce a kulle shi a ɗaki kwana bakwai abin ya fita jikinshi, in bai fita ba ya san wani gida can nesa inda ake sa wa irinsu mari a ƙafa har su yi laushi. Mazan nan, masu furfura a ciki, duk suka ce haka ne. Wanda suka yi wa kirari jiya, yau shi za a ɗaure kamar tunkiya don kada a ji. Ba wanda ya tambaye ni. Don me za a tambaye ni? Ai ni mai kunya ce.

Aka sa shi a ɗakin da muke ajiye buhuna, aka sa kwaɗo. Wuni na farko yana dukan ƙofa yana zagi. Wuni na biyu yana roƙo, yana kiran sunayen ɗiyanshi ɗaya ɗaya. Matarshi na tura mashi fura ta ƙarƙashin ƙofa, ana jiyo amai. Ni ina zaune ina kaɗa abawa, zaren na tsinkewa ina ƙullawa. Safiyar rana ta uku ba duka, ba roƙo. Shiru.

Sai ga ta ta shigo ɗakina ba sallama, abin da ba ta taɓa yi ba, ta durƙusa ta kama ƙafata. Ta ce, "Inna, ni bare ce a gidan nan, in na yi magana a ce na tona asirin miji. Ke ba mai korar ki. Wallahi in kika bari ya kai bakwai ɗin nan gawa za a buɗe. Ki ji kunyarshi a raye ko ki ji ta a makara, zaɓi naki ne."

Yarinyar da na girmi uwarta. Na so in ce mata ba ta da ta ido. Sai dai gaskiya ta faɗa.

Makullin na aljihun Baffa, shi kuwa ya tafi kasuwa. Na ɗauki taɓarya. Ban san ina da sauran ƙarfi haka ba, bugu uku marfin ya saki. Wari ya fara tarbe ni. Yana kwance jikin buhuna ya dunƙule kamar ɗan tayi. Na durƙusa, na sa hannu biyu na tallabo kanshi, na juyo shi wajen hasken ƙofa, na kalle shi.

Ban san mutumin ba. Ni a raina ɗana saurayi ne mai kumatu, don rabon da in ƙare mashi kallo tun yana satar kallona daga bayan kakarshi. Wanda ke hannuna tsoho ne. Kumatu sun faɗa, idanu sun zurma sun yi ja, leɓe ya bushe ya tsage, haƙora biyu babu, ban san ranar da suka fita ba. Furfura a gemu. Ɗana ya yi furfura ban sani ba. Duk abin da na yi shekara huɗu ina tsinta a kwano da aljihu da rumbu, ga shi nan rubuce a fili, ko makaho ya shafa ya karanta. Kallo ɗaya ya isa. Kallo ɗaya, da na yi shi tun shekarar farko.

Na kira sunanshi. Ya fito mani a baki wani iri, kamar yaren wasu. Ya buɗe ido a firgice, ya yi ƙoƙarin sunkuyar da kai.

Na ce, "Ɗago. Ni ce. Tun yaushe?"

Ya ce, "Inna, ki fita, wurin ba kyau."

Na ce, "Na wanke kashinka kafin kakarka ta karɓe ka. Tun yaushe?"

Ya ce, "Tun shekarar da Baba ya rasu." Sai kuka. Ya ce, "Na yi na yi in bari, Inna. Ba daɗinta nake ji ba yanzu. In ban sha ba ne ba ni iya zama mutum."

Na ce, "To tashi. Kankiya za mu."

Matarshi ta goge mashi jiki ta sa mashi riga, ta leƙa waje ta tsayar da 'yan kabu-kabu biyu. Muna fitowa ƙofar gida sai ga Baffa ya dawo, wani ya kai mashi labari. Ya tare hanya ya ce, "Matar yaya, hauka kike? Ɗan farinki ne fa kike riƙe wa hannu a titi! Ina kunyar da ake yabonki da ita?"

Na ce, "Na dafa ta na ci, ba ta ƙosar da ni ba."

Ya ce, "Za ki zubar da mutuncin gidanmu."

Na ce, "Mutuncin da ka kulle a ɗakin buhuna? Je ka shaƙi warinshi, ƙofa a buɗe take. Lokacin da yake noma maka gona kyauta doki ne, jininku ne. Yau da ya faɗi ya zama nawa ni kaɗai. To nawa ne. Matsa."

Ya matsa. Irinsu ba su da nauyi, rigar ce ke da faɗi.

Aka sa shi tsakiya, matarshi ta riƙe shi ta baya, ni na hau ɗayan. Muka ratsa gari rana tsaka, mata na leƙe ta katanga, masu shayi sun bar zuba shayi. Ban rufe fuska ba. Na bar su su ƙoshi.

A asibitin Kankiya wata ma'aikaciya ce ta fara ganin mu, mace mai kamar shekarun surukata, ba ta da yawan fara'a, ba ta kuma yi mamaki ba ko kaɗan. Wannan ya fi komai kwantar mani da hankali. Ashe abin da muke ɓoyo kamar mu muka fara shi a duniya, su kullum suna gani. Ta tambaye shi me yake sha, nawa a rana, tun yaushe, ya taɓa faɗuwa, ya taɓa gwada bari. Yana amsawa kai a ƙasa. Da ta ji an kulle shi kwana biyu ta ajiye biro ta dube ni ta ce, "Inna, wa ya ba ku wannan shawara? Wanda jikinshi ya saba haka ba a yanke mashi da kwaɗo. A hankali ake sauke shi, likita na dubawa."

Na ce, "'Yata, to da yaushe ya kamata mu zo?"

Ta ce, "Ranar da ɗaya ta daina isarshi ya ƙara. In kun rasa wannan, ranar da ya ce ya bari ya kasa. Faɗuwar nan kuwa ba ta jiran shawarar dangi, ranar ake kawo mutum."

Na lissafa a raina. Ranar farko da ta faɗa ta wuce da shekara uku. A lokacin ina tsinkar zogale.

Suka yi mashi ƙarin ruwa, suka ɗinke harshen, bayan kwana biyu suka ba mu takarda zuwa Katsina wurin likitocin da wannan ne aikinsu. Ya yi makonni a can. Ni na yi jinya, don matarshi na da yara a gida. Na ga lauje cikin naɗi iri-iri a wurin: ɗan malam, ɗan mai kuɗi, matar aure da ta saba da maganin tari, har wani dattijo da ya yi aikin gwamnati. Kowa da tsohuwarshi zaune a bakin gado, kowace ta zo a makare, kowace da irin zanen da ta lulluɓa. Ba mu yi wa juna ƙarya ba, wurin ba ya ɗaukar ƙarya.

Da muka dawo gari ya samu abin taunawa. Ba a ce ya warke ba, an ce wance ta tsufa ta zubar da kunya, tana kiran sunan ɗan fari kamar 'yar bariki. Masu gonar da ke rububinshi suka gwada shi sau ɗaya, suka ga azahar na yi yake neman inuwa kamar kowa, ba su sake aikowa ba. Wani ma cewa ya yi asibiti ta kashe mashi jiki. Mai babur kuwa har gobe yana zuwa bakin gonaki da akwatinshi, ana mashi sannu da zuwa, ana ba shi ruwa. Babbar jikata ta yi aure bara, mijin ya san komai, bai fasa ba. Baffa ya zo ɗaurin aure ya zauna sahun gaba ya fi kowa cin goro.

Ba zan ce an gama ba, likitan ma bai ce ba. Damina ta zagayo ya koma wa ƙwayar sau ɗaya, kwana uku. Wannan karon matarshi ba ta kawo wanki ba, baki ta buɗe ta gaya mani, ranar muka koma asibiti, ba mu shawarci kowa ba. Gonar fadama ya ba da ita aro, don mutum ɗaya ba ya noma gona biyu sai da taimakon shaiɗan. Hatsinmu ba ya kai mu sabuwar kaka yanzu, mukan auna a kasuwa kamar marasa gona. Ana faɗin wannan ma. Su faɗa.

Watan jiya haƙori ya kama shi, na can ciki, kunci ya kumbura. Ya wuni biyu yana fama. Rana ta uku da hantsi ya shigo har cikin ɗaki ya zauna bakin gadona, hannu a kunci, ya ce, "Inna, tun jiya zuciyata ke wurin abin nan. Na san guda ɗaya za ta kashe ciwon. Har na kai bakin hanya na dawo."

Na ce, "To me kake jira, haƙorin gadon ubanka ne? Je a cire."

Ya hau babur shi kaɗai ya tafi Kankiya, ya gaya masu tarihinshi da bakinshi don su san irin maganin da za su ba shi. La'asar ya dawo da auduga cushe a baki, fuska ta karkace gefe guda, yana magana ba a ganewa. Ƙaramar ɗiyarshi ta tsaya gabanshi ta kumbura nata kuncin tana kwaikwayonshi. Ya kai mata cafka, ta zille, ya bi ta har bakin rijiya yana tofar da jini yana dariya.